Tsakar Rana a Alsawra: Yadda Sabon Hannu Ke Koyon Gyaran Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayar da mutum a tsakar gida da azahar ya ɗauke shi hoto ya san abin da ke fitowa. Goshi da karan hanci suna ƙyalli, idanu sun faɗa rami, inuwar hanci ta zubo har kan leɓe. A Kano haka ne, a Maraɗi ma haka ne. Sai dai a Alsawra, babbar unguwar nan da ke arewacin Omdurman a ƙasar Sudan, matsalar tana da ƙari, kuma ƙarin daga tufafin mutanen garin yake. Namiji zai fito cikin farar jallabiya, ya naɗa farin rawani. Ma'aikaciya ko malamar makaranta ta naɗe jiki da farar laffaya, wadda suke kira tob. A tsakiyar wannan farin kuma ga fuska baƙa ko wankan tarwaɗa. Ido yana ganin duka biyun lafiya lau, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya.

Alsawra tana cikin ƙaramar hukumar Karari. An yanka ta gunduma-gunduma, kowace da lambarta, kuma manyan tituna uku ne suka ratsa ta daga kudu zuwa arewa: Wadi, Nus da Shingiti. Titunan faɗi gare su, gidajen galibi ba bene ba ne, don haka inuwar gini ba ta da yawa. Khartum tana sama da daraja 15 arewa da tsakiyar duniya, abin da ke nufin sau biyu a shekara, a farkon Mayu da kuma wajen 10 ga Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. A Mayu da Yuni zafi ya wuce 40 a ma'aunin Selshiyos ba labari ba ne. A irin wannan wuri ne matasa ke koyon hoto da wayar hannu, wasu don sha'awa, wasu don biki da suna da bikin kammala karatu su kawo musu ɗan abin sawa a aljihu. Cikinsu har da jikokin Hausawa da Fulanin da hanyar Makka ta ajiye a Sudan, da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Hoton da aka ɗauka a Omdurman da rana, kafin magariba yana iya kasancewa a wayar wata gwaggo a Fagge.

Abin da kyamara ke gani

Kyamara ba ta san jallabiya ba, ba ta san fuska ba. Tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki, wani launin toka da masu hoto suka daɗe suna aiki da shi. Idan fari ya cika hoton, sai ta rage haske don farin ya sauko, fuska ta nutse. Idan mai ɗauka ya taɓa fuskar a allon waya don ta fito, sai ta ƙara haske, jallabiyar ta zama fili fetal, babu ninki, babu ɗinki, babu aikin da tela ya yi a wuya. Masu hoto suna ƙiyasta cewa wurin da rana ke duka ya ninka inuwa haske kamar sau takwas. A haɗa wannan da tazarar da ke tsakanin farin yadi da baƙar fata, sai a ga cewa fuskar da ke ƙarƙashin inuwar rawani da kafaɗar da rana ke duka sun yi wa juna nisan da ƙaramin idon waya ba zai iya riƙewa a lokaci guda ba.

Hoton da waya ke ajiyewa a tsarin JPEG yana da matakan haske 256 ne a kowane launi, daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. Wurin da ya kai 255 ya ƙone, kamar yadda 'yan sana'ar ke cewa, kuma babu komai a ƙarƙashinsa. Duk yadda aka ja madannin rage haske, abin da za a samu shi ne toka mara fasali. Wurin da ya yi duhu kuwa yawanci akwai sauran bayani a ɓoye a cikinsa. Kamar riga ce a hannun tela: wadda ta yi yawa ana iya rage ta, wadda aka yanka ta gaza sai dai haƙuri. Shi ya sa darasin farko na gyara tun kafin a danna yake farawa. A taɓa allon, a ja hasken ƙasa har ninkin jallabiya ya bayyana, a yarda fuskar ta ɗan yi duhu, a bar ɗago ta sai an zauna.

Wayar da ke iya ɗaukar ɗanyen hoto, wato RAW, ta fi ba da sarari, domin shi yana riƙe matakai 4,096 ko 16,384 a manyan kyamarori, a wayoyi ma ya fi JPEG nesa ba kusa ba. Amma yana cin wuri, kuma da farko yakan fito dishi-dishi har sabon hannu ya ɗauka wayar ce ta lalace.

Akwai kuma gyaran da ƙafa ke yi. Taku uku zuwa bakin rumfa, ko cikin zaure daidai inda hasken ƙofa ke shigowa, ya fi awa guda ana fama da manhaja. A juya wa mutum baya ga rana, a sa yaro ya riƙe farin kwali ko zanin gado a gabansa, haske ya dawo fuska a tausashe. A ba shi hankici ya share zufa. Sai dai ba kowace inuwa ce abokiyar tafiya ba. Gindin darbejiya, inda masu shayi ke kafa kujerunsu a ko'ina cikin Omdurman, yana yayyafa wa fuska ɗigo-ɗigon rana, kuma ganye yana zuba mata kore. Rumfar tamfol shuɗi tana mayar da mutum kamar mara lafiya. Ranar da guguwar ƙurar nan da suke kira habub ta wuce ta bar hazo a sama kuwa, ranar samu ce, kamar yadda hazon hunturu ke tausasa rana a Katsina.

Zaman gyara

Kafin a taɓa komai, a shiga ɗaki. Wanda ya yi gyara a waje, hasken allo a ƙure, zai ga kamar komai ya yi daidai, sai dare ya yi ya tarar da hoton ya yi wani iri. A saita hasken allo tsaka-tsaki, a buɗe jadawalin haske, wannan ɗan zanen mai kama da tudu da Snapseed da Lightroom duka suke nunawa. Idan tudun ya hau bangon dama, fari ya ƙone. Idan ya manne da bangon hagu, baƙi ya toshe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in ji Hausawa, sai dai idon da ya wuni a ranar Omdurman ya gaji, gara a haɗa masa da mudun.

Launi ake fara daidaitawa. A nan akwai tarkon da ya dace da garin sosai. Littattafan koyarwa sukan ce a nemi wani abu fari a hoton a nuna wa manhaja a matsayin ma'auni. Jallabiya ce za ta fara zuwa a rai. To amma farin kaya da yawa an wanke su da bula, kuma ɓangaren da ke inuwa yana ɗaukar shuɗin sama. Idan aka ce wa manhaja wannan ne fari, za ta zuba rawaya a hoton duka don ta kashe shuɗin, fuska ta koma ruwan lemo. Ga kuma jar ƙasa da katangar laka suna turo nasu jan hasken ƙarƙashin haɓa. Mafita ita ce a daidaita da hannu, ana kallon fatar mutum, a bar jallabiya da ɗan shuɗinta, tunda haka mai ita ya so ta.

Daga nan sai a sauko da wuraren haske har ɗinki ya dawo, a ɗaga inuwa kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne wurin da kusan kowane sabon hannu ke zamewa. Yana jan madannin inuwa sai ya ga idanu sun fito, daɗi ya kama shi, ya ja har ƙarshe. Sakamakon shi ne fuska mai launin toka, shimfiɗe, cike da yashi-yashi, mutum kamar an yanko shi daga wani hoton an liƙa. Dalili kuwa shi ne madannin ba fuska kaɗai ya ɗaga ba, ya ɗaga gashi da ƙwayar ido da inuwar wuya, wato duk abin da ke ba fuska zurfi.

Aikin gaske na wuri-wuri ne. Tsofaffin masu wankin hoto a ɗakin duhu suna yin sa da tafin hannu da guntun kwali a kan wayar ƙarfe, su tare haske a nan, su ƙara shi a can, yayin da hoton ke sauka a takarda. Yau burushin manhaja ke yin haka. A ƙara girman hoton, a rage ƙarfin burushi, a shafa ramin ido sau biyu ko uku a hankali, a sassauta bakin inuwar hanci ba tare da an share ta ba, a rage ƙyallin goshi. Rage shi aka ce, ba kashe shi ba. Baƙar fata da sheƙi take nuna siffarta. Wannan ɗan hasken da ke kan kunci da karan hanci shi ke gaya wa ido inda fuska ta tasa da inda ta lotsa, kuma mai gyaran da ya goge shi duka ya goge mutumin. Bayan an ɗaga inuwa fata takan rasa jininta, don haka a mayar mata da ɗan ɗumi, a kuma sauko da baƙi ya zauna daram, gira da gemu da kwalli su koma baƙaƙe. Idan duk wannan ya faskara, launuka sun rikice, akwai ƙofar da ba ta da kunya: a mayar da hoton baƙi da fari. Rana mai kaifi da tsohuwar fuska mai tamoji sun fi kyau a haka sau da yawa.

"Ka ɗan haska ni"

Wannan jimlar kowane mai hoto ya ji ta, da Hausa ko da Larabcin Sudan, kuma ita ce ainihin jarrabawar. Haskawa iri biyu ce, kodayake baki ɗaya ke faɗarsu. Akwai mayar wa fuska hasken da rana da rawani suka tare mata. Akwai kuma sauya wa mutum launin da Allah ya yi shi da shi. A ganina, wanda bai rarrabe su ba bai fara koyon gyara ba tukuna, ko da ya haddace kowane madanni.

Matsin ba ƙarami ba ne. A Khartum, kamar a Kano, kasuwar man bilicin tana ci, likitocin fata sun daɗe suna kuka da ita, kuma amarya takan shafe makonni ana mata dilka da turaren dukhan kafin biki, al'adar da matan arewacin Najeriya ma suka ɗauko daga can. Wayoyi da yawa kuma suna zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga kamfani, suna mayar da fata fara suna sulɓe ta ba tare da an tambaye su ba. Yaron da ya tashi yana ganin kansa ta wannan madubin, in ya ga hotonsa na gaskiya sai ya ce bai fito ba.

Kayan aikin ma da tarihinsu. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, don su daidaita injinansu da fatarta. Binciken Lorna Roth, malamar jami'a a Kanada, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launin ƙasa-ƙasa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 katin ya samu mata masu launi daban-daban. A 2021 Google ya fito da wayar Pixel 6 yana tallata cewa tana ɗaukar baƙar fata yadda take, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Ellis Monk, malami a jami'ar Harvard. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da Itel, ya riga su gane cewa nan kasuwa take, ya daidaita kyamarorinsa don fuskokin Afirka. Duk da haka a duba da kyau, domin "fitar da" baƙar fuska a wurin wasu injiniyoyi har yanzu yana nufin ɗan mayar da ita fara.

Ga wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba. Dattawan Sudan da yawa suna da tsaga a kumatu, Shaigiyya da layukansu uku a kwance, wasu ƙabilun a tsaye, kamar yadda namu ke da bille da kalangu da zube. Al'adar tana ƙarewa, matasa ba sa yi. Manhajar sulɓe fata tana ɗaukar tsagar nan a matsayin tabo ta cinye ta. Irin su Remini, masu "gyara" hoto da ƙirƙirarriyar basira, sun fi haka ta'adi: ba su dawo da abin da ya ɓace, zana sabo suke yi bisa fuskokin da aka horar da su da su. Sai a miƙa wa jika hoton kakarsa, ya ga wata kyakkyawar tsohuwa da bai taɓa sani ba. Ƙa'idar da masu gyara da yawa ke bi mai sauƙi ce: abin da zai tafi da kansa nan da mako biyu, kamar ƙurji ko ƙura a gira, ana iya cire shi. Abin da mutum zai shiga kabari da shi, a bar masa.

Ba yau aka fara taɓa hoto a Sudan ba. Rashid Mahdi, wanda ya rayu daga 1923 zuwa 2008, ya yi suna da situdiyonsa a Atbara, garin jirgin ƙasa, inda ya ɗauki ma'aikata da 'yan kasuwa da iyalai cikin fararen kayansu, kuma hotunansa suna cikin taskar Elnour da Bafaranshen nan Claude Iverné ya assasa don adana aikin masu hoton ƙasar. A zamaninsu gyara da fensir mai tsini ake yi a jikin fim ɗin kansa, ɗigo bayan ɗigo. Wanda ya kalli aikinsa zai ga rawani da ninkinsa, fuska da sheƙinta, kowanne a mazauninsa. Shi fitila ya mallaka a cikin ɗaki, yana sa ta inda yake so. Yaron Alsawra rana ce fitilarsa, ba ta kuma jin magana, amma tambayar da ke gabansu ɗaya ce.

Hotuna biyu da suka fi yawo a duniya daga juyin juya halin Sudan na 2019 babu wanda aka ɗauka da tsakar rana. Wanda Lana Haroun ta ɗauka da waya ranar 8 ga Afrilu, na Alaa Salah tsaye a kan mota cikin farar laffaya, da yamma ne liƙis, shi ya sa farin bai ƙone ba. Bayan kwana uku aka kifar da shugaban ƙasa Umar al-Bashir. Na Yasuyoshi Chiba na kamfanin dillancin labaran AFP, wanda ya zama gwarzon hoton shekara a gasar World Press Photo ta 2020, an ɗauke shi ne ranar 19 ga Yuni cikin dare, an ɗauke wuta, fitilun wayoyi ne suka haska saurayin da ke rera waƙa. Gasar nan kuwa ba ta wasa da gyara: a 2015 ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da kima. Mai son ya koyi haske a Omdurman, a lokacin zaman lafiya, makarantarsa ita ce filin ƙubbar Shehu Hamad al-Nil ranar Juma'a bayan la'asar, inda 'yan Ƙadiriyya ke zikiri cikin koraye da jajayen riguna, ƙura na tashi, rana ta kwanta tana dukan fuska daga gefe.

Koyo cikin takunkumi da yaƙi

Matashin Sudan bai samu kayan aiki a sauƙaƙe ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar a 1997 bai tashi ba sai a Oktoban 2017, kuma a tsawon lokacin nan sayen manhajar kamfani irin Adobe ta halastacciyar hanya kusan ba ya yiwuwa. Tsara guda ta koyi Photoshop ne da kwafin da aka yi ta miƙawa hannu da hannu. Ko bayan ɗage takunkumin, biyan kuɗin wata-wata da katin banki ya ci gaba da zama wahala, ga shi burushin wuri-wuri na Lightroom a waya sai an biya. Wannan ne ya sa Snapseed, wadda Google ya saya a 2012, ta dace da mai farawa: kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet. Koyarwa kuwa mafi yawa daga hannu zuwa hannu ta zo, sai tarurrukan horo irin waɗanda mai hoto Ala Kheir da abokansa suka riƙa shiryawa a Khartum tare da cibiyar Goethe ta Jamus. Daga Omdurman ɗin nan Salih Basheer ya fito, wanda ƙungiyar masu hoto ta Magnum ta ɗauka cikin sababbin 'yan takararta a 2024.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya watsa wannan duka. Ɗaliban Najeriya da ke Jami'ar Afirka ta Duniya a Khartum an kwashe su ta Masar da Port Sudan. Karari ta zauna a hannun soja, don haka Alsawra ta cika da waɗanda suka gudo daga sauran unguwanni, asibitin Al-Nau ya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ke aiki, kuma ranar 1 ga Fabrairun 2025 luguden wuta a kasuwar Sabrin ya kashe mutum fiye da 50. A cikin wannan hali ba a daina aure ba, ba a kuma daina hoto ba. Mosab Abushama ya ɗauki wani ango a Omdurman da wayarsa a Janairun 2024, hoton ya ci lambar World Press Photo ta yankin Afirka a 2025.

Yaƙin ya ƙara wa masu gyara wani aiki. Gidaje da yawa an wawashe su, albam ɗin iyali ya tafi, abin da ya saura shi ne hoton hoto da wani ya taɓa ɗauka da waya, ko wanda ya zagaya WhatsApp har ya dishe. WhatsApp yana matse hoto duk lokacin da aka tura shi ta hanyar da aka saba, kuma inuwar da aka sha wahalar ɗagowa ita ce ke fara farfashewa. A tura shi a matsayin fayil, sai ya isa yadda yake. Wanda zai kai wanki ya tuna cewa takarda ba ta da fitila a bayanta kamar allo, hoto yakan fito da ɗan duhu, don haka a gwada ƙarami ɗaya kafin a biya kuɗin babba. Hoton fasfo da na takardun hukuma kuwa ba a taɓa fuskarsa sam. Sannan kada a ajiye gyararre a kan na asali. A bar na asalin da sunansa da kwanan watansa, a tura kwafinsa ga wani ɗan'uwa a wani gari, Alƙahira ko Gadarif ko Kano, domin hannun da ya yi gyaran bana zai fi haka ƙwarewa baɗi, kuma zai so ya sake daga farko.